Georges Clemenceau, Damisar Faransa: ya ci yaƙi, sulhu ya gagare shi

Ran 28 ga watan Yuni 1919, a cikin zauren madubai na fadar Versailles, kusa da birnin Paris, wakilan Jamus biyu, Hermann Müller da Johannes Bell, suka sa hannu bisa takardar sulhun da ta rufe yaƙin duniya na farko. Dattijon da ya shugabanci zaman, gajere mai farin gashin baki, shekararsa 77 a lokacin, shi ne Georges Clemenceau, shugaban majalisar ministocin Faransa, wanda mutanen ƙasarsa suka laƙaba wa sunan Damisa. Shekara 48 kafin wannan rana, yana saurayi, ya ƙi amincewa da wata takardar sulhu wadda Jamus ta ɗora wa Faransa bisa tilas. Shekara 20 bayanta kuwa, gangar yaƙi ta sake tashi a ƙasashen Turai. Wanda ya bi tarihin mutumin nan daga farko har ƙarshe zai ga yadda sulhun da aka gina bisa wulakanci yake haifar da wani yaƙin.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Clemenceau ran 28 ga watan Satumba 1841 a ƙauyen Mouilleron-en-Pareds, cikin jihar Vendée, yamma ga ƙasar Faransa. Mahaifinsa, Benjamin Clemenceau, likita ne mai gonaki, mai tsananin ƙin mulkin sarauta da son jamhuriya. A 1858, zamanin sarki Napoléon na Uku, hukuma ta kama shi har ta yi niyyar kai shi Aljeriya, daga bisani aka sake shi. Yaron yana da shekara 16 sa'ad da ya ga an tafi da ubansa, kuma abin bai fita daga ransa ba.

Ya yi karatu a birnin Nantes, sannan ya tafi Paris neman ilmin likita. Tun yana ɗalibi ya shiga rubutun jarida da sukar gwamnati, abin da ya sa aka jefa shi gidan kaso na Mazas a 1862, ya yi fiye da wata biyu a ciki. A 1865 ya samu takardar shaidar likita, sai ya haye teku zuwa Amurka, inda yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba. A can ya riƙa aika wa jaridar Le Temps labarai, yana kuma koyar da Faransanci da hawan doki a wata makarantar ƴan mata ta garin Stamford. Ya auri ɗaya daga cikin ɗalibansa, Mary Plummer, a 1869, suka komo Faransa, suka haifi ƴaƴa uku kafin auren ya mutu. Turancin Ingilishi da ya ƙware a kai a wannan zama ya amfane shi ƙwarai shekara 50 daga baya, ranar da ya zauna shawara da shugabannin Amurka da Ingila ba tare da tafinta ba.

Sulhun 1871

A watan Yuli 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Parusiya, wadda Bismarck ke jan ragamarta. Cikin mako shida aka karya rundunar Faransa a Sedan, aka kama sarki Napoléon na Uku ran 2 ga Satumba, aka kafa jamhuriya a Paris ran 4 ga watan. Sabuwar gwamnati ta naɗa Clemenceau magajin gari na unguwar Montmartre. Jamusawa suka yi wa Paris zobe fiye da wata huɗu, yunwa da sanyi suka addabi mutane har suka ci dawaki da karnuka da ɓeraye. Shi kuwa matashin magajin gari, aikinsa shi ne neman wa talakawan unguwarsa abinci da itace da magani.

Ran 18 ga watan Janairu 1871, tun ba a gama yaƙin ba, sarakunan Jamus suka taru a zauren madubai na Versailles, gidan sarautar Faransa na da, suka naɗa sarkin Parusiya sarkin sarakunan sabuwar daular Jamus. Faransawa sun ɗauki zaɓen wannan wuri a matsayin cin fuska. Sannan sharuɗɗan sulhu suka biyo baya. Faransa za ta bar wa Jamus jihar Alsace da wani sashe na Lorraine, da mutanensu wajen miliyan ɗaya da rabi. Za ta biya diyyar miliyar 5 na kuɗin faran. Sojan Jamus kuma za su zauna a gabashin ƙasar har sai an gama biya. Majalisar ƙasa da ta zauna a Bordeaux ta amince da sharuɗɗan ran 1 ga Maris 1871 da ƙuri'a 546, dipite 107 suka ƙi. Clemenceau yana cikin waɗanda suka ƙi. Aka sa hannu a takardar ƙarshe a birnin Frankfurt ran 10 ga Mayu.

Diyyar ba ta karya Faransa ba, don ta biya ta duka kafin ƙarshen 1873, sojan Jamus suka fita. Amma ƙasar da aka yanke mata ta zama miki wanda bai warke ba. A dandalin Concorde na Paris, mutum-mutumin da ke wakiltar birnin Strasbourg ya shekara fiye da 40 ana lulluɓe shi da baƙin ƙyalle na makoki. Yaƙin 1914 yana da dalilai da yawa, ba zancen Alsace kaɗai ya tada shi ba; sai dai sulhun Frankfurt ne ya hana Faransa da Jamus amince wa juna, shi ya tura Faransa ƙulla ƙawance da Rasha, ya taimaka wajen raba Turai gida biyu, kowane ɓangare da hannunsa a kan takobi.

Mai kayar da gwamnatoci

A 1876 aka zaɓi Clemenceau dipite na Paris. Ya zauna a ɓangaren masu neman canji, ya kafa jaridar La Justice a 1880, ya yi suna wajen kaifin harshe har aka riƙa ce masa mai kayar da gwamnatoci. Babban abokin hamayyarsa shi ne Jules Ferry, jagoran masu son Faransa ta mallaki ƙasashe a Afirka da Asiya. A watan Maris 1885 ya tada majalisa a kan yaƙin Tonkin har gwamnatin Ferry ta faɗi. A watan Yuli na wannan shekara, da Ferry ya ce akwai jinsin mutane da ya fi wani daraja, kuma yana da hakkin ya mulke shi, Clemenceau ya miƙe ya ƙaryata shi, ya tuna masa cewa masanan Jamus ma sun yi irin wannan iƙirari a kan Faransawa bayan sun ci su da yaƙi. Yana kuma ganin duk sojan da aka aika ƙetare da duk kuɗin da aka kashe a can, ragi ne ga tsaron iyakar gabas, inda hatsarin gaske yake.

Rikicin kamfanin mashigin Panama ya shafa masa baƙin jini, ya rasa kujerarsa a zaɓen 1893. Ya koma aikin jarida. A shari'ar kyaftin Alfred Dreyfus, hafsan soja Bayahude da aka ɗaure bisa ƙaryar cin amanar ƙasa, Clemenceau ya tsaya tsayin daka wajen neman a sake shari'ar, kuma jaridarsa L'Aurore ce ta buga shahararriyar wasiƙar marubuci Emile Zola ran 13 ga Janairu 1898. Wannan gwagwarmaya ta wanke sunansa. A 1902 jihar Var ta zaɓe shi ɗan majalisar dattawa, a watan Maris 1906 ya zama ministan cikin gida, a watan Oktoba kuma shugaban majalisar ministoci, ya riƙe har Yuli 1909. A zamaninsa aka kafa ma'aikatar ƙwadago, aka kuma gyara aikin ƴan sanda. Amma mutumin da ya tashi yana kare talakawa shi ne ya aika da soja kan ma'aikata masu yajin aiki da manoman inabi na kudu a 1907 da 1908, har jini ya zuba. Ƴan gurguzu ba su yafe masa wannan ba har ya mutu.

Shekarar 1918

Da yaƙi ya tashi a 1914, Clemenceau ba ya cikin gwamnati. Ta jaridarsa da kwamitin soja na majalisar dattawa ya riƙa caccakar ministoci da janar-janar a kan sakaci, yana kai ziyara bakin daga. Shekarar 1917 ta zo wa Faransa da duhu. Harin Chemin des Dames ya cinye mutane a banza, rundunoni da dama suka ƙi bin umurni, Rasha ta faɗa cikin juyin juya hali tana shirin janyewa, wasu manyan ƴan siyasa kuma suka soma zancen a nemi sasantawa da Jamus. Shugaban ƙasa Raymond Poincaré ba ya shiri da Clemenceau ko kaɗan, amma ran 16 ga Nuwamba 1917 ya kira shi ya damƙa masa gwamnati. Yana da shekara 76. Ya haɗa shugabanci da ma'aikatar yaƙi, ya sa aka kama tsohon shugaban gwamnati Joseph Caillaux, ya rufe ƙofar duk wata maganar sasantawa, ya riƙa shiga ramukan soja da sandarsa da tsohuwar hularsa, cikin laka da ruwan harsashi.

Babbar matsalarsa ita ce ƙarancin mayaƙa. Nan ne tarihinsa ya taɓa ƙasashen Afirka ta yamma da Faransa ke mulki a lokacin, waɗanda ƙasar Nijar ke cikinsu. Ɗaukar soja ta tilas ta riga ta tada bore a wurare da dama tun 1915, kuma gwamna janar Van Vollenhoven ya yi gargaɗi kada a ƙara. Clemenceau bai saurare shi ba. A watan Janairu 1918 ya naɗa Blaise Diagne, dipite na Senegal, ya ba shi babban muƙami ya aiko shi ɗaukar soja; gwamnan ya ajiye aikinsa. Cikin ƴan watanni aka ɗebi samari wajen 63,000 daga Afirka ta yamma, bisa alkawarin lambobin girma da fansho da samun ƴancin zama ɗan ƙasa ga wasu, alkawarin da ba a cika mafi yawansa ba. An ƙiyasta cewa ƴan Afirka ta yamma wajen 30,000 ne suka mutu a yaƙin gaba ɗaya. Ga mutumin da ya soki mulkin mallaka a 1885, da wuya ta kai masa wuya shi ma ya miƙa hannu ya ɗiba daga cikinsa.

A watan Maris 1918 Jamus ta kawo hari mafi girma. A taron Doullens, ran 26 ga watan, aka amince janar Ferdinand Foch ya haɗa kan rundunonin ƙawance. A ƙarshen Mayu Jamusawa suka sake isowa kogin Marne, manyan bindigoginsu suna jefa wuta cikin Paris, majalisa ta nemi a tuɓe janar-janar, Clemenceau ya kare su. Daga watan Yuli, da zuwan sojan Amurka, reshe ya juye da mujiya. Ran 11 ga Nuwamba 1918, cikin wani taragon jirgin ƙasa a dajin Compiègne, aka sa hannu a takardar tsagaita wuta. Faransawa suka raɗa wa dattijon sabon suna, Uban Cin Nasara.

Taron Paris

Faransa ta ci nasara, amma ta fito a raunane. Sojanta wajen miliyan 1 da dubu 400 sun mutu. Jihohinta na arewa da gabas, inda ma'adinan kwal da masaƙu da ƙere-ƙere suke, sun zama kufai, har Jamusawa sun cika ramukan kwal da ruwa kafin su janye. Ita kuwa Jamus ba a yi yaƙi a cikin ƙasarta ba sai a gefe-gefe, masana'antunta suna tsaye, mutanenta sun haura miliyan 60, na Faransa ba su wuce 40 ba. Clemenceau ya ga Jamus ta shigo ƙasarsa sau biyu da idonsa, kuma lissafin nan na jama'a bai bar shi barci ba. Abin da yake nema a taron sulhu shi ne kada a yi ta uku.

Aka buɗe taron ran 18 ga Janairu 1919, daidai ranar da aka kafa daular Jamus a 1871. Ƙasashe wajen 30 suka halarta, amma mutum huɗu ke yanke shawara: Clemenceau, da shugaban Amurka Woodrow Wilson, da firayim ministan Ingila Lloyd George, da Orlando na Italiya. Wilson yana son a kafa Ƙungiyar Al'ummai wadda za ta riƙa sasanta rigingimu, kowace al'umma kuma ta zaɓi makomarta. Lloyd George yana son a raba Jamus da jiragen ruwanta na yaƙi da ƙasashen da take mallaka, amma kada a durƙusar da ita har cinikin Ingila ya mutu ko gurguzu ya shige ta. Jamus ba a ba ta kujera ba. Ran 19 ga Fabrairu wani saurayi ɗan tawaye, Emile Cottin, ya harbi Clemenceau cikin motarsa. Harsashi ɗaya ya zauna a ƙirjinsa har mutuwarsa, amma bayan kwana kaɗan ya koma wurin taro.

A gida ma ba a bar shi ya huta ba. Foch da Poincaré suna son a yanke duk ƙasar Jamus da ke yammacin kogin Rhin, kogin ya zama iyakar tsaro har abada. Wilson da Lloyd George suka ƙi, suna cewa wannan zai zama wata Alsace ce aka juya. Clemenceau ya sassauta. Ya yarda yankin ya zauna hannun Jamus, amma ba soja ko ganuwar Jamus a yammacin kogin da kilomita 50 gabas da shi, sojan ƙawance kuma su zauna a can shekara 15. A madadin haka Amurka da Ingila suka yi masa alkawarin kawo wa Faransa ɗauki in Jamus ta sake kai mata hari. Foch ya fusata ƙwarai. An ruwaito cewa ya kira takardar tsagaita wutar shekara 20 kawai.

Ran 7 ga Mayu aka miƙa wa Jamusawa sharuɗɗan, aka ce su amsa a rubuce. Alsace da Lorraine sun koma Faransa. An yanke wa sabuwar ƙasar Polan yanki har bakin teku, wanda ya raba Parusiya ta gabas da sauran Jamus, birnin Danzig kuma ya zama mai zaman kansa. Yankin Sarre ya shiga hannun Ƙungiyar Al'ummai shekara 15, kwal ɗinsa na Faransa. A jimlace Jamus ta rasa wajen kashi 13 cikin 100 na ƙasarta da kashi 10 na mutanenta. An hana ta haɗewa da Ostiriya. An ƙwace duk ƙasashen da take mallaka: Faransa da Ingila suka raba Kamaru da Togo, Ingila ta ɗauki Tanganyika, Beljik ta ɗauki Ruwanda da Burundi, Afirka ta Kudu ta ɗauki ƙasar da ake kira Namibiya yau, ba tare da an tambayi masu ƙasashen ba. An rage sojanta zuwa 100,000, babu tankoki, babu jiragen saman yaƙi, babu masu nutso cikin teku. Aya ta 231 ta ɗora wa Jamus da ƙawayenta alhakin ɓarnar yaƙin, ta zama tushen neman diyya, wadda aka yanke a 1921 a kan miliyar 132 na mak ɗin zinariya.

Shugaban gwamnatin Jamus, Philipp Scheidemann, ya gwammace ya sauka da ya sa hannu. Aka ba Jamus wa'adi, in ba ta amince ba a koma yaƙi, alhali takunkumin teku da ya jefa jama'arta cikin yunwa bai gama ɗagewa ba. Ta amince bisa tilas. Clemenceau ya sa aka yi bikin a zauren madubai, ya kuma sa aka kawo sojoji biyar waɗanda harsashi ya lalata wa fuska, su tsaya inda kowa zai gan su.

Inda sulhun ya gaza

Masana tarihi har yau suna jayayya a kan tsananin takardar Versailles. Sulhun da Jamus kanta ta ɗora wa Rasha a Brest-Litovsk a watan Maris 1918 ya fi shi zafi nesa, don ya raba Rasha da kusan sulusin mutanenta. Daga cikin miliyar 132 kuma, miliyar 50 ne aka sa rai da gaske za a biya, abin da aka biya a ƙarshe bai wuce wajen miliyar 20 ba. Masanin tattalin arzikin Ingila John Maynard Keynes ya wallafa littafi a ƙarshen 1919 yana cewa diyyar za ta talauta Turai duka. Marubucin Faransa Jacques Bainville kuwa ya ga takardar ta fusata Jamus ba tare da ta rage mata ƙarfi ba. Kowannensu ya hango wani gefe na gaskiya.

Illa ta farko ita ce hanyar da aka bi. Wanda aka kira ya sa hannu a abin da ba a yi shawara da shi ba, ba ya ɗaukar kansa mai alkawari. Jira yake ranar da zai samu dama. Kusan duk jam'iyyun Jamus, daga dama har hagu, sun ɗauki takardar a matsayin umurnin mai ƙarfi.

Ta biyu, nauyin ya faɗa kan waɗanda ba su tada yaƙin ba. Sarkin sarakuna Guillaume na Biyu ya gudu Holan. Janar Ludendorff, wanda shi ya matsa a nemi tsagaita wuta a ƙarshen Satumba 1918, ya janye jikinsa. Ƴan siyasar sabuwar jamhuriya ne suka sa hannu, sai masu tsattsauran ra'ayi suka baza ƙaryar cewa ba a ci sojan Jamus a fagen fama ba, daga gida aka soke su ta baya. Matthias Erzberger, wanda ya sa hannu a Compiègne, an kashe shi a 1921. Ministan harkokin waje Walther Rathenau, an kashe shi a 1922. Jamhuriyar da ya kamata maƙwabta su rena ta, ta tashi da tabon wulakanci a goshi.

Ta uku, ba mai tsaron takardar. Majalisar dattawan Amurka ta ƙi amincewa da ita a Nuwamba 1919 da Maris 1920, alkawarin ɗaukin da Clemenceau ya sayar da iyakar Rhin dominsa ya tashi a banza, na Ingila ma ya bi shi, tunda an ɗaure su tare. Faransa ta wayi gari ba ta da kogin, ba ta da alkawarin.

Ƙarshen rayuwarsa

A watan Janairu 1920 Clemenceau ya so zama shugaban ƙasa, amma maƙiyan da ya tara cikin shekara 50 suka haɗa kai, ƴan majalisa suka fifita Paul Deschanel a ƙuri'ar share fage. Nan take ya bar siyasa. Ya yi yawo Masar da Sudan da Indiya, ya je Amurka a 1922 yana roƙon mutanenta kada su juya wa Turai baya, ba a ji shi ba. Ya koma wani ƙaramin gida a bakin teku a Saint-Vincent-sur-Jard, cikin Vendée, yana rubutu yana ziyartar amininsa mai zane Claude Monet. Ya ga Poincaré ya aika soja yankin Ruhr a watan Janairu 1923 don karɓar diyya da ƙarfi. Ya ga kuɗin Jamus sun lalace har dalar Amurka ɗaya ta kai mak miliyar 4,200 a watan Nuwamba, watan da wani tsohon kofur mai suna Adolf Hitler ya gwada ƙwace mulki a Munich. Ya ga kuma ƴan shekarun sassauci, da yarjejeniyar Locarno ta 1925 da shigar Jamus Ƙungiyar Al'ummai a 1926, abin da bai gamsar da shi ba. Littafinsa na ƙarshe martani ne ga zargin Foch, cike da gargaɗi cewa Jamus tana sake shiri. Ya rasu a Paris ran 24 ga Nuwamba 1929, yana da shekara 88. Bisa wasiyyarsa aka kai shi Mouchamps, aka binne shi kusa da mahaifinsa, babu bikin gwamnati, babu jawabi.

Wata guda kafin rasuwarsa kasuwar hannun jari ta New York ta rushe, masu ba Jamus rance suka janye kuɗinsu. Jam'iyyar Hitler, wadda ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba a zaɓen 1928, ta samu kashi 18 a 1930, da 37 a watan Yuli 1932, sa'ad da marasa aikin yi suka kai miliyan 6. An riga an janye soja daga Rhin a 1930, an kuma yafe diyyar a taron Lausanne na 1932, amma sassaucin ya zo a makare. Talauci ne ya tara wa Hitler jama'a, Versailles kuwa ita ce waƙar da yake rera musu a kowane dandali. Ya hau mulki ran 30 ga Janairu 1933, ya maido da aikin soja na tilas a 1935, ya shigar da soja yankin Rhin ran 7 ga Maris 1936, ya haɗiye Ostiriya a 1938, babu wanda ya tare shi. Ran 1 ga Satumba 1939 ya auka wa Polan bisa hujjar Danzig. Alhakin wannan yaƙi da kisan kiyashin da aka yi a cikinsa yana wuyan Hitler da mabiyansa. Amma takardar 1919 ta ba su abin kamawa.

A watan Yuni 1940 Faransa ta faɗi cikin mako shida. Ƴan Afirka ma sun biya nasu kason. Tun 1920 masu farfagandar Jamus suke zuga jama'a a kan sojan Afirka da Faransa ta girke a Rhin, suna kiran abin cin mutunci. A 1940 sojan Jamus suka riƙa ware fursunoni baƙar fata suna harbewa, kamar yadda aka yi a Chasselay, kusa da Lyon. Hitler ya sa aka fito da taragon nan na 1918 daga gidan ajiya, aka maido shi wurinsa na da a dajin Compiègne, ran 22 ga Yuni Faransa ta sa hannu a cikinsa. Zauren madubai a 1871, zauren madubai a 1919, tarago a 1918, tarago a 1940: kowane mai nasara ya ɗauki wanda ya kayar ya kai shi wurin da shi aka taɓa wulakanta shi. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce mai gina ramin mugunta ya gina shi gajere.

Bayan 1945 aka bi wata hanya dabam. An mamaye Jamus, an raba ta, an hukunta shugabanninta, amma yammacinta ya shiga cikin shirin tallafin Marshall na Amurka. Ran 9 ga Mayu 1950 ministan Faransa Robert Schuman, ɗan asalin Lorraine wanda ya girma da takardun zama ɗan Jamus, ya kawo shawarar ƙasashen biyu su haɗa kwal da ƙarfensu ƙarƙashin hukuma ɗaya, wato ainihin dukiyar da aka sha zub da jini a kanta. Ran 22 ga Janairu 1963 janar de Gaulle da Konrad Adenauer suka sa hannu a yarjejeniyar abota a fadar Elysée. Ragowar bashin da ya samo asali daga diyyar Versailles, Jamus ta gama biyansa ran 3 ga Oktoba 2010, shekara 81 bayan rasuwar Clemenceau.

Mutum-mutuminsa yana tsaye a bakin titin Champs-Elysées, sanye da rigar da yake zuwa bakin daga da ita, kuma a kowace ranar 11 ga Nuwamba shugaban ƙasar Faransa yakan ajiye furanni a gindinsa. Ƙasarsa ba ta manta cewa shi ya riƙe ta sa'ad da ta kusa durƙushewa ba. Ya fi kowa sanin abin da sulhun 1871 ya shuka a zuciyar Bafaranshe, amma da alƙalami ya dawo hannunsa, tsoron makomar ƙasarsa da gawawwakin samarinta miliyan ɗaya da ɗoriya sun hana shi auna abin da na 1919 zai shuka a zuciyar Bajamushe.